Neman Wuta a Kumasi

A Kandi, cikin ƙasar Benin, aka fara nuna mini cewa baƙo ba a bakin komai yake ba. Direban da ya ɗauko mu daga bakin iyaka ya rantse da Allah cewa motarsa ba ta tsayawa sai Gana. Muna shiga tasha ya ce kowa ya sauka ya miƙe ƙafa, za a duba taya. Na zaga in kama ruwa, kafin in dawo mota ta yi gaba, jakata tana yashe a bakin kwata. Na tsaya riƙe da buta ina ɗura masa ashar da Hausa, mutane suna amsa mini da Faransanci suna dariya. Har gobe ban yafe wa mutumin nan ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Sunana Lawali, daga wani ƙauye a bayan Bagega, ƙasar Anka. Ba fatauci ya fitar da ni ba, ba kuma karatu ba. Wuta na fita nema, wutar dafa tuwo. Tun da dajinmu ya lalace namiji ba ya shiga yin itace, in 'yan bindiga suka gan shi ko su ɗauke shi ko su harbe shi. Sai gari ya koma tura tsofaffin mata, wai su ba a kula su. Innata tana cikinsu, kuma mu biyu muka rage a gidanmu. Itatuwan kusa da gari duk an cinye su, kullum sai an ƙara nisa. Duk safiyar da na ga ta ɗauki gatari da gammo, ba na iya haɗiye ko ruwa sai na ga ta dawo.

Wani mutumin Gana mai suna Fuseini, wanda ya zo wankin zinariya a wajenmu, shi ya nuna mini abin a wayarsa. Rami ne aka gina aka rufe da ƙubba ta siminti. Ana zuba kashin shanu da ragowar abinci da abin da ke fitowa daga masai, su ruɓe a ciki, iska ta taso ta bi tiyo har murhu, a ƙyasta ashana sai ga wuta shuɗiya ba hayaƙi. Ya ce kawunsa ne ke da kamfanin a Kumasi, kafin damina ta faɗi zan iya ginawa da hannuna. Ni kuwa na yarda, don ina son in yarda.

Daga Kandi sai da na yi dako a Parakou, ina loda buhunan doya, kafin na samu kuɗin motar gaba. A wani shinge cikin Togo masu kaki suka sauke mu waɗanda ba mu da katin allura, suka tsugunar da mu a rana kamar awakin kasuwa, tun hantsi har inuwa ta juya. Wani tsohon Bafillace da ke kusa da ni ya ga leɓena ya bushe, ya kwance ƙullin fura daga cikin rigarsa ya gutsura mini rabi. Bai tambaye ni sunana ba, ni ma ban tambaye shi ba. A Yendi muka rabu.

Kawun Fuseini, wanda kowa ke kira Masta, yana can ƙarshen garin Kumasi bayan juji. Tun kafin ka ga wurin hancinka ya gaya maka ka iso. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ne ɗan Najeriyan? To madalla. Ga shebur, ga takalmin roba."

Na ce, "Masta, ni ginin ƙubba na zo koyo."

Ya ce, "Kowa daga nan yake farawa."

Inda kowa yake farawa kuwa shi ne kashin mutane. Tankoki suna zuƙo shi daga masan gari su zo su juye a wasu manyan faɗaɗan kwamaye da aka shimfiɗa wa yashi. Ruwan ya tsane, rana ta busar da sauran, mu shiga da shebur mu kankare. A ƙona shi a cikin durom har ya zama baƙi, a niƙa, a haɗa da garin katako da kokon rogo, inji ya matse ya fito da curi-curin gawayi. Gaskiya ɗaya zan faɗa, gawayin nan ba ya wari ko kaɗan, kuma ya fi na itace daɗewa yana ci. Amma ni ina ruwana da shi? Sai da inji ake yin sa, sai da lantarki, mu kuwa ƙauyenmu ko falwaya babu. Ƙubbar tana can gefe cikin shingen waya, daga ita ake dafa wa ma'aikata abinci. Kullum ina hangen ta, an hana ni ko leƙawa.

Wannan ma da sauƙi. Akwai lungunan zango, unguwar Hausawa da sauran baƙi, inda tiyon tanka ba ya kaiwa, nan ake tura mu da bokiti. Ka sauka cikin rami har gwiwa, takalmin da aka ba ka a yage, ka ji abin yana shiga tsakanin yatsunka da ɗumi. Ni da ko masan gidanmu ban taɓa leƙawa ba! A garinmu mai yashe masai ko gaisawa ba a cika yi da shi da hannu ba. Ina wanka da sabulun salo har fatata ta yi fari, amma in na shiga sahu a masallaci sai na dama ya ɗan matsa, na hagu ya ja rawaninsa ya rufe hanci. Ba wanda ya ce mini uffan, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ga ruwan sama da ba ya gajiya, ga abinci duk rogo, a daka shi a mulmula a ce ka haɗiye kada ka tauna. Na yi kewar tuwon dawa da miyar kuka har sai da na zauna bayan durom na yi kuka, ni ƙato da gemu. Duk lokacin da na je wurin Masta sai ya ce wata mai zuwa. Damina ta zo ta wuce ina jin wata mai zuwa.

Wata rana muna fitowa daga wani lungu, bokiti a kaina, sai na ji an ce, "Kai! Wannan ba ɗan gidan Malam Umaru ba ne?" Wani Alhaji ne ɗan Gummi mai fataucin goro, ya san mahaifina tun yana da rai. Na yi murna wallahi, na sauke bokiti zan gaishe shi. Ya ja da baya, ya ciro waya ya ɗauke ni hoto. Bai tambaye ni inda nake kwana ba, bai ce ko na ci abinci ba. Ya ce, "Ashsha, ashsha," ya shige motarsa. Mutumin da ke sallah a sahun gaba ke nan.

Da aka samu sabis a wajenmu Inna ta sa aka kira ni.

"Lawali, kai na?"

"Ni ne, Inna. Ina wuni?"

"Lahiya lau. An nuna man hoto. Mi kaka yi can?"

"Aiki nake koyo, Inna."

"Aikin kwasar kashin mutane? Ubanka manomi na, kakanka manomi na. Matan gari sun zo yi man jaje kamar ka mutu."

Na ce, "Inna, kin shiga daji yau?"

Ta ce, "In ban shiga ba da mi za ni dahuwa? Da hoton?"

Abin da ya ƙarasa ni shi ne zuwan wani sabon baƙo daga Burkina. Muna cin abinci ya ciro waya yana nuna mini abin da ya kawo shi. Hoton nan ne dai da aka nuna mini a gida, ƙubbar nan, wutar nan, kuma Fuseini ne ya turo shi. Na ajiye kwano na nufi Masta yana zaune ƙarƙashin rumfa yana sakace.

"Masta, yau sai ka gaya mini ranar da zan fara gini."

"Wata mai..."

"Kada ka sake ce mini wata mai zuwa! Uwata tana shiga bakin bindiga kullum, ni ina nan ina kwashe maka kashi!"

Ya tofar da tsinken ya yi dariya. Ya ce, "Kai ɗan Najeriya, ka ga magini a nan? Ƙubbar nan wasu ne suka zo suka gina ta tun da daɗewa, ni ko bulo ban iya jerawa ba. 'Yan gari ba sa son aikin rami, shi ya sa Fuseini yake nemo mini irinku."

Ban san lokacin da na wurga shebur ba. Allah ya taimake ni ya samu ginshiƙin rumfa, da yanzu ina kurkukun Gana. Na cire takalminsa na jefa masa, na fita ba takalmi, ina tafe ina tsine masa shi da ɗan 'yar'uwarsa, la'anannu, macuta, masu cin gumin baƙo.

Akwai wata dattijuwa a zango, Mma Memuna, mai sayar da koko da ƙosai. Ita kaɗai ce ba ta taɓa ware mini kofi daban ba. Ta ga na zo da rana tsaka ƙafa duk caɓi, ta ce, "Ɗana, wa ya taɓa ka?" Na kwashe duka na gaya mata. Ta ja ni bayan shagonta. Ga 'yar ƙubba ƙarama a gefen masai, ga tiyo ya bi bango ya shiga murhun da take suya. Watanni ina shan koko a wurin nan ban taɓa lura cewa babu itace a ƙarƙashin kaskonta ba. Ta ce, "Wanda ya gina mini yana nan da rai. Amma ba Musulmi ba ne." Na ce ko mai bautar dutse ne a kai ni.

Papa Kwaku sunansa, tsoho ne gajere mai faɗan tsiya. Hausarsa ba ta wuce ta cinikin kasuwa ba, ni kuma yarensa ko gaisuwa ban iya ba. Ya ɗauke ni lebura, muka riƙa yawo ƙauyuka muna gina wa makarantun kwana da mahauta. Da hannu yake koyarwa, in ka karkata bulo ya make maka yatsu da cokalin gini. A wurinsa na koyi juya ƙubba da sanda da igiya ba tare da katako ba, da yaɓe ciki hawa-hawa har iska ta rasa mafita. Yakan dafa cikinsa ya nuna ramin ya ce, "Saniya, saniya." Wato abin nan tumbi ne, ka ciyar da shi kullum, kada ka ɗura masa sabulu ko toka, in ba haka ba ya mutu. In lokacin sallah ya yi shi yake nuna mini rana ya ce, "Tafi." Matarsa ta ware mini tukunya saboda naman da ba na ci.

Na so in ƙara zama in ƙware, amma aka kira ni daga gida aka ce yanzu matan har ƙetaren rafi suke kaiwa, kuma sun fara jin harbi kusa. Papa Kwaku ya ba ni tsohon cokalinsa da kan murhu guda da naɗin tiyo. Na kamo hanya, ko masu shinge ban tsaya yi wa musu ba.

Na iske Inna ta rame, wuyanta ya shige saboda ɗaukar kaya. Ta yi kukan murna, ta dama mini fura. Da na huta na zaga tsakar gida ina aune da ƙafa, na tsaya kusa da madafa na ce nan za a haƙa.

Ta ce, "A haƙa mi?"

Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta bari sai da na gama.

"Wanga abu ba shi shiga gidan ga."

"Inna, saboda ke na..."

"Yi shiru in gaya ma. Yayanka Bello, Allah shi jiƙanai, ya shigo da duwatsu cikin buhu yac ce arziki na. Nan tsakar gidan ga anka daka su, anka niƙa, ƙura ta bi tukwane. Ɗiyanai biyu a hannuna sunka cika. Sai da likitoci sunka zo sunka kankare ƙasar gidan ga sunka zubo sabuwa, sunka ce kada a sake tona ta, kada a sake sarrafa komi cikin gida. Ni na jiya. Yanzu ga ka kai ma da naka arziki cikin tiyo."

Duk wanda ya san shekarun gubar dalma a ƙasarmu ya san ba ƙarya ta yi ba. Na ce mata wannan ba dutse ba ne, iska ce. Ta ce ƙurar ma iska ta ɗauke ta. Na je wurin liman na kwatanta masa, ya ce wuta ba ta ɗaukar najasa, abincin halal ne. Na dawo da gudu na gaya mata, ta ce, "To liman shi kai ta gidanai."

Wallahi ji na yi kamar in fasa kaina da bango. Na sha rana a Togo, na shiga kashi har gwiwa, an yi yawo da hotona gari-gari, sannan a tare ni a ƙofar madafar gidanmu? Amma uwa ce, ba a ɗaga mata murya. Na ce to zan gina a waje, in jawo tiyo kawai. Ta ce ko tiyon ba ta yarda ba.

Na gina a bayan katanga, a gefen gonarmu. Shanun gari duk ɓarayi sun kore su, sai da na je mahautar Anka na roƙi kashin tumbi na ɗauro a jarkoki bisa babur. Na yi sabon masai a waje na haɗa da ramin, ina bi gida-gida ina karɓar ruwan tsari da ɓawon kabewa da kashin awaki. Mutane suna zaune a inuwa suna ce mini Sarkin Masai. Ranar da na ƙyasta ashana wuta ta kama, masu dariyar ne suka fara matsowa. Kafin mako ya zagayo mai shayi ya dawo da teburinsa wurin, maza suna layi suna shan shayi suna cewa kai, yaron nan akwai kai. Wutar da na sha wahala a kanta domin uwata ta koma dafa wa ƙarti shayi. Ita kuwa kowace safiya sai ta wuce ta gabanmu da gatarinta, ko kallon wurin ba ta yi.

Ina kwaɓa abincin rami wata rana da hantsi na ji ihu daga yamma. Matan ne suke shigowa a guje, ba itace, wasu ba mayafi. Na duba ban ga Inna ba. Can sai ga ta an goyo ta a babur. Sun ci karo da 'yan bindiga a ƙetaren rafi, su kuwa suka ce wa ya ba su izinin sara a dajinsu, suka hau su da gindin bindiga. Inna ta ɗaga hannu ta kare kanta, nan suka farfasa mata shi. Tsohuwa fa, wadda ta haifi kamar su! Allah ya wulaƙanta su duniya da lahira.

Mun daɗe a asibiti a Anka. Ƙashi ya haɗe, amma yatsun hannun dama suka lanƙwashe suka ƙi buɗewa. Ranar da muka dawo gida ba ko ƙirare a madafa. Ta zauna a kan turmi tana kallon murhun, ni ina tsaye. Ban ce mata na gaya miki ba, ko da yake maganar tana nan a bakina tana ƙuna.

Can ta ce, "Lawali."

"Na'am, Inna."

"Ɗauko ƙarhe ka huda bangon. Daga sama za ka huda, ka rataye shi. Kada ka taɓa man ƙasa."

Na huda daga sama. Na ratayo tiyon a kan azara har madafa, na ɗora murhun a kan bulo, na kunna. Ta daɗe tana kallon wutar, ta sa hannun hagu ta gwada zafinta. Ruwa ya tafasa, na zuba gari, ta ce in ba ta muciya. Ta kama da dama ta suɓuce. Ta sake kamawa ta sake suɓucewa. Ta gwada da hagu, tukunya ta nemi kifewa. Sai ta miƙo mini muciyar ba tare da ta dube ni ba.

Yanzu gidaje da dama a garinmu sun sa na gina musu, har daga Nasarawa Burkullu an aiko a kira ni, kuma ba wanda ya ƙara ce mini Sarkin Masai a gaban idona. Ba ya burge ni. Inna ba ta sake shiga daji ba, amma ba ta sake tuƙa tuwo ba. Kullum da la'asar ni nake durƙusawa a madafarta da muciya, ita tana zaune a kujera, hannun a kan cinya, tana ce mini, "Juya da ƙarhi, Lawali, ya yi gudaji."